Leshin Hajiya da Tsohuwar Atamfata

Ina shiga gidan biki a Tsafe, matar kawuna ta kalli tsohuwar atamfata ta taɓe baki.

"Ke kuma mi ya hana ki yin anko?"

"Hajiya, bashin mai awo muke biya. Na daina anko, nama ma sai Juma'a."

"Allah ya raba mu da tsiya," in ji ta, har da shewa.

Ko shinkafa ba a raba ba sai ga dillaliya ta riƙe mata gyale a gaban dangin ango. Kuɗin leshin jikinta take nema, da na bikin bara.

Ni kuwa na ci shinkafata hankali kwance. Atamfata ta koɗe, amma tawa ce.

Jama'a, tsakaninmu wa ya zo biki tsirara?