Kunnen Gwaggo Mai Ji Har Zango

Ina aji biyu na sakandare aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kowa ya sa ido a kan suturar kowa. A lokacin yayana ya dawo daga Kano da wani littafin labari mai zane-zane, na jarumai masu tashi sama da ɗaga mota da hannu ɗaya. Kwana biyu kacal na more shi. Baffa ya gan shi, ya ce ƙato ya ɗora kamfai a kan wando, macen kuma kamar fenti aka shafa mata, ya cusa shi a murhu.

Da na gama kuka sai na ɗauko littafin lissafina, na ce zan zana nawa jaruman cikin kayan da muke sawa kullum, in ga wanda zai ƙona.

Da Gwaggo na fara, yayar babanmu da ke zaune a gidanmu. Ko raɗa aka yi a zaure, sai ta amsa daga kan turmi. Na zana ta da zanenta na atamfa da hijabi da silifas, ba abin da na ƙara sai kunne. A labarin tana zaune a Daura tana jin gulmar da ake yi a kasuwar Zango, ta hau acaɓa ta je ta ƙure masu yi. 'Yan ajinmu suka yi ta karɓa hannu-hannu har bangon ya yage.

Wata Juma'a Gwaggo ta tsinto littafin a ƙarƙashin katifata. Ba ta karatun boko, amma ta gane wushiryarta. Ta zaunar da ni ta ce in karanta. Na fara gyara zancen, inda na rubuta gulma ina cewa kukan wanda aka zalunta.

Ta ce, “'Yar nan, karanta yadda kika rubuta. Na ji kina karanta wa ƙanwarki shekaranjiya.”

Na karanta ina jiran mari. Ta saurara har ƙarshe tana tauna goro, sannan ta ce kunnen ya yi kama da faifai, in rage shi. Ta kuma ce labarina ba gishiri, don ba ta san kowa a Zango ba. Me ya hana jarumar ta kama maƙwabciyarmu, wadda ke sako kajinta ta rariya duk ranar da muka shanya gero?

Haka muka yi. Gwaggo na faɗa, ina zanawa, har takalmin matar da ta ɗaure da waya sai da na sa. Ban tuna cewa 'yarta ajinmu ɗaya ba.

Bayan kwana uku matar ta shigo da ƙwan zabi cike da kwano, ta gaida Gwaggo da ladabi, ta roƙi a cire ta daga littafin tun bai kai hannun dangin mijinta ba. Gwaggo ta ce ita ba ta san yarinya na wannan shirme ba, amma za ta tsawata mini.

Tana fita Gwaggo ta ɗora ƙwan a wuta. Da suka dahu ta ba ni biyu.

Ta ce, “Goge fuskar matar. Kajin kuwa ki bar su.”