Fasinjan Mai Hoto

Ba ya tayar da babur sai kare ya zauna. Ko ana jiransa, ko hadari ya haɗo, zai tsaya a ƙofar gida riƙe da kan babur ɗin, ya buga ƙafa a ƙasa, ya jira. Karen zai fito daga ƙarƙashin benci, ya yi miƙa, ya yi hamma, ya hau ya zagaya kamar mai neman abin da ya yar, sannan ya zauna. Sai a lokacin ake jin ƙarar inji. Matarsa takan ce a iya zamanta da shi bai taɓa jiranta haka ba, ko ɗankwali ne take ɗaurawa.

Mai hoto ne. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a unguwar, kowa Tsaya-Haka yake ce masa, don abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin tela da mai gyaran rediyo. A ciki akwai labule mai zanen teku da jirgin ruwan da ya koɗe, da kujera mai hannu wadda rabin yaran unguwar sun taɓa kuka a kanta. Amma yawancin aikinsa a waje yake: makarantu, sababbin shaguna, gidajen da aka sami ƙaruwa, da tsofaffin da 'ya'yansu ke son hotonsu tun kafin a rasa su. Babur ɗinsa irin ƙaramin nan ne mai ƙananan tayoyi, mai fili a tsakiya inda mutum ke jera ƙafafu. A filin nan karen yake zama.

A kwata ya tsince shi yana ɗan kwikwiyo, bayan wani ruwan sama, kuma bai yi niyyar riƙe shi ba. Baƙi ne wuluk, sai wani farin tabo a ƙirji kamar an ɗiga masa fenti. Abokinsa bakanike, wanda ke gyara masa babur tun suna da baƙin gashi, shi ya raɗa masa suna Fasinja, wai fasinjan da ba ya biya kuma ba ya sauka. Akwai gidajen da ba sa son kare ya tako musu tsakar gida. Tsaya-Haka bai taɓa musu da kowa ba. Sai ya nuna wa Fasinja gindin babur, shi kuma ya kwanta ya jira, ko za a wuni.

Ciwon idon a hankali ya zo. Da farko ya ɗauka gilashin kyamara ne ya yi datti. Ya goge. Ya goge tabarau. Ya daɗe yana goge-goge kafin ya yarda cewa dattin ba a jikin gilashi yake ba. Fuskokin mutane suka fara narkewa, gefen titi ya koma kamar ana kallonsa ta cikin tururi.

Bai gaya wa kowa ba. Wayoyin hannu sun riga sun cinye masa rabin aiki, babban ɗansa kuma, wanda ke aiki a wani ofis a tsakiyar gari, ya daɗe yana cewa Baba ya huta haka. Ya san ranar da ya ce ba ya gani sosai, ranar makullin babur zai koma aljihun yaron, kyamara ta koma saman durowa, shi kuma ya koma benci a ƙofar gida yana amsa gaisuwar masu wucewa. Wannan bencin yake tsoro fiye da faɗuwa a titi.

To, Allah ba ya rufe ƙofa duka. Kyamararsa tsohuwa ce, da hannu ake murza ta har hoto ya fito tas. Sai ya ɓullo da dabara. In ya jera mutane, sai ya kira Fasinja ya zaunar da shi a gabansu. Fuska ba ya ganinta, amma fari a tsakiyar baƙi yana gani. Zai yi ta murzawa har farin tabon ya yi kaifi, sai ya yi fito, karen ya fice, ya ce, "Tsaya haka." Mutane suka ɗauka wasa ne na sa yara dariya, har suna yaba masa. Gidajen da ba sa barin kare ya shiga kuwa, hotunansu suka riƙa fitowa dishi-dishi. Bakanike da ya ji ana ƙorafi ya ce ai alhakin kare ne ya kama su.

A titi ma haka. Fasinja ba ya son girgiza, don haka tun daga nesa in ya hango rami yakan miƙe tsaye ya ƙanƙame jiki. In akuya ko yaro zai tsallaka, sai ya yi gurnani ƙasa-ƙasa, wanda Tsaya-Haka ke ji a ƙwaurinsa kafin kunnensa ya ji. A mararraba yakan jingina ta ɓangaren da suka saba bi. Da haka suka yi ta yawo a gari, mutane na cewa dattijon nan ya iya tuƙi a natse.

Matarsa ta ga abin da ta gani. Ta ga ya zuba shayi a gefen kofi. Sai ta daina ajiye bokiti a hanyar banɗaki. Sau ɗaya ta tambaya ko idon nan lafiya, ya ce hayaƙin titi ne. Ta ce to, Allah ya sawwaƙe.

Wata rana a garejin bakanike Fasinja ya taka fasasshiyar kwalba. Bai ɓuya ba, bai daure ba. Ya taho da ƙafa uku, ya ɗora ta huɗun a gwiwar maigidansa. Tsaya-Haka ya laluba da yatsa ya zare gilashin. Ya daɗe yana riƙe da ƙafar.

"Ka ga kare," ya ce, "in abu ya soke shi, ɗaga ƙafa yake yi kowa ya gani."

Bakanike yana ƙarƙashin wata mota, ya ce, "To shi ina ya san kunya?"

"E," in ji Tsaya-Haka. "Kunya tamu ce."

Hatsarin da rana tsaka ya faru, a titin da ya sani kamar tafin hannunsa. Wasu masu gini sun juye yashi a gefen hanya da safe, yashi kuwa launinsa ɗaya da titi a idon da ke da yana. Fasinja ya miƙe, ya yi gurnani. Babur bai rage gudu ba, don a wurin nan babu rami a sanin maigidansa. Sai karen ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya daka tsalle ya dafa kan babur yana haushi. Tsaya-Haka ya kama birki, amma ya makara. Suka zube. Ya karye a wuyan hannu, gefen fuskarsa ya goge. Da bai kama birkin ba, da abin ya wuce haka.

Waɗanda ke wurin abin da suka gani shi suka faɗa: kare ya yi tsalle ya ture kan babur, dattijo ya faɗi. Kafin a gama ɗora hannun, labarin ya isa ofishin ɗansa.

Yaron ba mugu ba ne. Ya zo gida idonsa ja, ya durƙusa a gaban gadon, ya yi sannu ya sake yi. Sannan ya ce ya yi haƙuri da maganar karen nan shekara da shekaru don girman Baba, amma yau haƙurin ya ƙare. Babur ba zai hana ba, tunda kowa ya shaida Baba ya iya tuƙi. Kare ne matsalar.

"Baba, karen nan ne zai kashe ka. Ka bari in kai shi inda za a riƙe shi. In kuma akwai wani abin da ban sani ba, ka gaya mini."

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa riƙe da kofin ruwa. Ba ya ganin fuskarta, amma ya san shi take kallo. Daga waje ana jin Fasinja yana karce ƙofar da farce. Magana ɗaya ce za ta wanke karen, kuma tana bakinsa. Amma maganar da makullin tare za su fita. Ya lissafa a ransa cewa ai ya san titunan, zai riƙa tafiya a hankali, kuma in hannu ya warke zai san yadda zai dawo da karen.

Ya ce, "Yadda ka gani."

An ce baki shi ke yanka wuya. Ba a cika faɗin abin da shiru ke yankawa ba.

Washegari wata mota ta zo. Fasinja bai yi gardama ba, shi da ya saba a nuna masa wuri ya hau. Tsaya-Haka bai fito ba, ya ce hannun na masa zogi.

Da hannun ya warke ya fito da babur. Ya kai ƙarshen layinsu, inda titi ya haɗu da babbar hanya, ya tsaya. Motoci na wucewa kamar inuwa a cikin ruwa, ƙwaurinsa kuma ba ya gaya masa komai. Ya daɗe a wurin, har wani mai kirki ya tambaya ko mai ne ya ƙare. Ya ce e. Ya turo babur ɗin zuwa gida da ƙafa.

Matarsa na tsintar wake a tsakar gida. Ya zauna kusa da ita ya ce, "Ba na gani."

"Na sani, Malam."

"Ranar nan me ya hana ki faɗa?"

"Idonka ne, bakinka ne. Na tsaya da ruwa a hannu ina jiranka."



Ɗansa ya kai shi asibiti. Likita ya haska, ya ce yanar ido ce, abin da suke cirewa kullum, har da ɗan faɗansa na me ya sa aka zauna da ita haka. Aikin bai kai tsawon zaman aski ba. Da aka cire bandeji, duniya ta dawo da gefe da gefenta: tsagar bango, furfurar matarsa wadda bai san ta yi yawa haka ba, da baƙin gashi da ya maƙale a robar filin babur. Yaron da kansa ya miƙo masa makullin babur da ya karɓe kafin aikin, ya ce tunda ido ya gyaru, ba shi da ta cewa.

Sai a ranar Tsaya-Haka ya gaya masa abin da karen yake yi. Yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce direban ofishinsu ya ba wa, direban ya ce zai kai wa wani mai gadi a wajen gari inda ake sababbin gine-gine, kuma direban ya bar aiki, lambarsa ba ta shiga. Ya ce zai sayo wani, mai kyau, ɗan ƙasar waje. Tsaya-Haka ya ce Allah ya yi masa albarka, bai ƙara ba.

Daga nan ya rage buɗe shago. Yakan hau babur da hantsi ya nufi wajen gari, yana bin gine-ginen da ba a gama ba, ɗaya bayan ɗaya, yana sallama da masu gadi. Bakanike ya lura har yanzu ƙafafunsa a ware yake tuƙi, ya so ya yi masa tsiya, sai ya fasa.

Masu gadi sukan ce ya nuna musu hoto, tunda ga kyamara a wuyansa. Ya juye akwatunan shago kaf. Shekara da shekaru karen na gaban kyamara, amma kullum sai an yi masa fito kafin a danna. Abin da ya samu kawai hoton wasu mata da miji ne da bai ma tuna su ba, suna tsaye a ƙofar sabon shago, can a gefe ga rabin baƙar wutsiya tana ficewa. Shi yake yawo da shi a aljihu. Wani mai gadi ya karɓa ya duba, ya ce, "Baba, wanne ne ya ɓata, matar ko mijin?" Ya nuna masa wutsiyar. Mutumin ya yi dariya har ya dafa bango, da ya ɗago ya ga fuskar dattijon sai ya ce zai sa ido.

An sha kai shi wurin baƙaƙen karnuka. Wani a ɗaure da sarƙa, wani ƙashi da fata. Da idon da aka gyara masa, tun daga nesa yake ganin ba shi ba ne.

Bai bi abin a hargitse ba. Ya fara da gine-ginen gabas ya gama, ya koma na kudu. Gari kuwa ba ya tsayawa jiran kowa: inda ya duba bara an tare, an sallami mai gadi, an buɗe wani fegin a gaba. A gida ba a tayar da maganar. In ya dawo matarsa takan kawo ruwa, ta dubi filin babur, ta ce sannu da hanya. Ɗansa ya rage zuwa, in ya zo ma ba ya daɗewa.

A tsakiyar damina wani birkila ya ce masa a hayin layin dogo, bayan rumbunan ajiya, akwai wani baƙin kare da ba ya kula mota, ba ya kula babban babur, amma in ƙaramin babur ya wuce sai ya bi shi da gudu har kwana, sannan ya koma. Tsaya-Haka ya tambaye shi ko karen yana da fari a ƙirji. Birkilan ya ce shi ta baya yake ganinsa.

Hanyar hayin ta cika da ruwa a lokacin, ƙananan tayoyi ba za su iya ba. Ya kai babur gareji aka ɗaure birki, aka canza masa taya, ya gaya wa bakanike da zarar ruwa ya janye zai tsallaka. A makon nan zazzaɓi ya kwantar da Tsaya-Haka, bai kuma tashi ba. Ruwan ya janye bayan kwana kaɗan. Hayin layin dogo shi kaɗai ne ɓangaren da bai kai ga dubawa ba.