Bencin Kaka

Jiya a asibitin unguwarmu na zunguri wani a bencin maza, na ce, "Malam matsa, cikina ya fi naka ciwo." Ashe sabon likita ne. Nan na tuna Kaka, tsohon malamin asibitin. Duk sabon ma'aikaci sai ya zaunar da shi cikin marasa lafiya har azahar, ga warin magani, ga kukan jarirai.

Ina wurin ranar da wata sabuwar nas daga Mai'adua ta ce, "Baba, bayana ya rabe biyu, gida zan koma."

Ya miƙa mata goro. "Daure, 'yata. Su da ciwo suke jira."

Ba ta koma ba, yanzu ita ke riƙe da asibitin. Allah Ya sanyaya makwancin Kaka.