Tekun da ya zo da jaki

Na shiga sabon gidan cin kifina, sai na tarar tekun da na sa a zana min a bango yana da ƙetare, kamar kogi. Har da gonar dawa, jaki na kiwo!

Ni da na fara da dakon riɗi a garin Gadarif har na ga Bahar Maliya da idona! Ga shi Juma'a zan buɗe, na gayyaci manyan kasuwa.

Na ce wa mai zanen, mutumin Hawata ta bakin kogi, "Ya Usta, teku ba shi da ƙetare!"

Ya ce, "Ya Haj, ruwa ba ƙetare ai ambaliya ce. Ba na zana wa Musulmi masifa a bango."

Jama'a, wa ya san mai zanen da ya taɓa ganin teku? Jakin dai ya yi kyau, zan bar shi.