Baba Mai Caji da Lambar da Yake Bugawa

Kafin masu shara su gama da farfajiyar cibiyar karɓar 'yan gudun hijira, Baba Mai Caji ya riga ya buɗe ɗakinsa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, taga ɗaya, tebur ɗaya, sai kanta uku maƙil da wayoyin hannu, kowace da 'yar takarda manne a bayanta. Zai goge tabarau da gefen riga, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: wadda ta cika ya zare, wadda ta yi ƙasa ya jona. Yana yi yana yi musu magana kamar mai kiwon kaji. Shekara goma sha takwas ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don idanu sun fara ba shi kunya.

Ni da nake rajista a ɗakin da ke jikin nasa, na ga abin da ya isa in yi shaida.

Lokacin da yaƙi ya sake ɓarkewa a maƙwabciyar ƙasa, an yi babban taro don shirin tarbar masu zuwa. An yi maganar barguna, katifu, magani, famfo, har da makarantar yara. Sai wani jami'i ya ce za a ba kowa sabon layin waya, a karɓe tsofaffin don kada a yi ruɗani. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Baba kuwa ba zama aka kira shi ba, lasifika ce ta ƙi magana aka ce ya zo ya duba. Yana tsugune da waya a hannu ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Tsohon layin fa?"

"Me za su yi da shi, Baba? Ga sabo kyauta."

"To, wanda ya ɓace musu a hanya, wace lamba ya haddace? Sabuwar?"

Manya masu takardu sun shirya wa ciki da jiki komai, sun manta cewa mai gudu kullum rabinsa yana baya. A ranar aka soke shawarar, aka kuma ƙara masa kanta. Tsohon layi a nan bakin iyaka kaɗai yake kamawa, don haka duk wanda aka mayar cikin ƙasa sai ya bar wa Baba tsohuwar wayarsa amana, ya rubuta sabuwar lambarsa a baya.

Cikin waɗanda suka fara isowa akwai wata tsohuwa da muke kira Inna. Ɗanta ne ya tura ta cikin kwalekwale, ya koma ɗauko matarsa, daga nan ba ta sake ganinsa ba. Ta kwance bakin zane ta fito da waya jiƙe sharkaf, gilashinta a tsage.

"Inna, wannan ai wanka kika yi mata," in ji Baba.

"Kai dai tashe ta, ɗan nan. Lambarta kaɗai ɗana ya sani."

Kwana uku yana kanta, yana gogewa da ɗan buroshi, yana liƙi, yana tsaki. Da ta kawo haske sai ya yi abin da yake yi wa kowace wayar da ya gyara: ya buga wata lamba da ka, ya kara a kunne, ya ɗan jira, ya kashe. "Ta tashi," ya ce. Inna ta yi ta sa masa albarka har ya rasa inda zai sa kansa.

An mayar da ita wani gari mai nisa. Kullum da safe sai ta kira shi da sabon layi: "Ta yi kuka?" Shi kuma ya ce, "Tukuna, Inna, amma a cike take." Wata bakwai ana haka. Wata Talata da hantsi muna tsakiyar rajista, na ji tsohon nan ya ƙwala mini kira da muryar da ban san shi da ita ba. Na tarar da shi riƙe da waya biyu, ta Inna a dama, tasa da ya kira ta da ita a hagu, ya haɗa su baki da kunne. Daga ɗaya namiji na cewa "Inna? Inna?", daga ɗayar kuwa kuka ne kawai. Minti ashirin bai sauke hannu ba.

Da aka gama na zolaye shi, na ce yau kam ya sha kuka kamar shi aka samo wa ɗa. Bai yi dariya ba. Ya ce shi ma ta kogin nan ya shigo, a yaƙin farko. A turmutsitsin shiga jirgi hannun ƙanwarsa ya suɓuce daga nasa, wayarsa kuma ta faɗa ruwa. Lambar da ta sani ta tafi a ranar. Wadda yake bugawa duk sa'ad da ya gyara waya, muna zaton ta gwaji ce, lambarta ce.

"Ba a taɓa ɗauka ba?" na ce.

"Ba ta ma shiga. Amma ai waya sai an gwada ta."

Baba, kai ne ka tsare wa ɗaruruwan mutane ƙofar da kai aka rufe maka. Kai ne mai amanar da ba ta taɓa mutuwa a hannunka ba, ko ranar da aka ɗauke wuta ka kinkimi batirin mota daga gareji. Ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, amma akwai gidaje da yawa da ake ambatonka bayan kowace addu'a. Mun gode, Allah ya saka maka da abin da ka fi so, kuma mun san mene ne shi. Tun yanzu ina kewar tsakinka ta bayan bango.

Ku kuma da za ku tarbi masu zuwa gobe, a cibiya ko a unguwa, ku ba su bargo da abinci, amma ku tambaye su wa suka baro, kuma kada ku raba su da abin da za a neme su da shi.

Jiya, tun kafin ranar tafiyarsa ta zo, ya miƙa makulli ga matar da za ta gaje shi, wata malamar makaranta da ita ma gudu ya kawo ta. Ta zagaya kantocin, sannan ta ce, "Baba, in na gyara waya, da wace lamba zan gwada?"

Ya jawo takarda, ya kusanto da ita dab da idonsa, ya rubuta a hankali, ya manna a bango saitin tebur.

"Da wannan. In aka ɗauka, ki ce yayanta yana nan, bai yi nisa da kogin ba."