Duwatsun Ƙarƙashin Rumbu

Warin tsohuwar takarda ne ke fama mini wannan mikin. A garin Largo nake aiki, a nan ƙasar waje, a wani ofishin gunduma, ni ce mai ɗauko wa masu neman asalinsu manyan kundayen da. Mutanen nan ba abin da ba su rubuta ba: haihuwa, aure, mutuwa, lokacin da gonakin taba suka koma unguwanni, har da mu baƙi da muka cika wurin yanzu.

Kwanaki wata dattijuwa baƙar fata ta gano sunan kakan kakanta a takardar gadon wani mai bayi, an jera shi tsakanin doki da kwanuka. Ta zauna ta yi ta kuka. Na miƙa mata ruwa, amma Allah ya gafarta mini, hassada ce fal cikina. Ita dai ta samu suna.

Mu a ƙauyenmu na Filato, kakata ce kundin. Tana da wata 'yar tukunya a ƙarƙashin rumbu, da duwatsu goma sha ɗaya a ciki, kowane dutse mutum guda. Idan an girbe acca, kafin kowa ya kai sabuwar loma baki, sai ta zazzage su a tabarma, ta riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya tana faɗin wane ya haifi wane, da wanda ya fara saran dajin. Mu yara kuwa ƙamshin gwate ya gama tafiya da hankalinmu, fatanmu kawai ta gama.

Babana malamin coci ne, ya ce wannan tsafi ne, har ya ɗauka ta daɗe da zubar da su. Shi ya sa sai ya tafi wa'azi take fito da su.

Ni da shegen rawar kai, duwatsun nan sumul-sumul suka shiga idona. Wata rana na kwaso biyar ina carafke da su a tsakar gida. Babana ya tambayi inda na samo, ni kuwa baki ba linzami, na nuna masa. Ya haɗa da biyar ɗin, ya sunkuci tukunyar ya nufi rafi, ga shi ruwa ya cika ya batse.

Kakata ba ta dake ni ba, da ma ta daka. Daga ranar ba ta ƙara ambaton sunan kowa ba. Sai da na yi wayo na roƙe ta ta faɗa mini in rubuta. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsinkar yakuwarta.

"Je ki tambayi rafi," in ji ta.

Da sunayen aka binne ta.

Makon jiya 'yata ta dawo daga makaranta da takarda mai zanen bishiya, wai a cike sunayen kakanni. Na sa nawa, na sa na babana da na kakata, sai biro ya tsaya. Na kira babana, wanda yanzu tsufa ya ci ƙarfinsa. Ya ce shi bai taɓa zama ya saurara ba. Har yau ban san wa zan fi jin haushi ba, shi ko ni.

Yarinyar ta dubi rassan da ba kowa a kansu. A makaranta an koya musu yadda aka raba wasu da asalinsu, don haka ta tambaye ni, da Turancinta, ko mu ma sace mu aka yi.

"A'a, 'yata," na ce. "Mu ba wanda ya ƙwace mana. Da hannunmu muka zubar."