Rangadin Kawu Modi a Baranda

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ke tashina da safe a gidan Kawu Modi, haɗe da na ɗoɗɗoya, sai kuma can ƙasa-ƙasa na takin awaki, wanda Kawu ya hana kowa ya kira shi wari. Bayan ƙamshin sai ƙarar takalman roba, ƙwas, ƙwas, daga ɗaki zuwa falo. Ku da kuka san shi kun san abin da ke biyo baya. Zai kifa malafa a ka, ya rataya tsohuwar jakarsa ta aiki, ya tsaya a ƙofar kicin ya ce wa matarsa:

"Kulu, ni na tahi rangadi. In an zo nemana, a ce ina daji."

"Allah shi kiyaye hanya, Malam," in ji Hajiya Kulu, ko ɗago kai daga tukunyar kunu ba ta yi.

Sai ya yi taku huɗu ya fita baranda.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Malamin gona ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babur yana zagaya ƙauyuka yana koya wa manoma abin da, a cewarsu, sun riga shi sani. Ritaya ta same shi a saman wani benen haya a Tambuwal, kusa da hanyar Sakkwato, inda ba shi da ƙasa ko ta faɗin tafin hannu. Baranda ce kawai, tsawonta bai kai tabarma biyu ba. Ita ya yanka gunduma-gunduma. Bokitan hagu su ne Sanyinna. Jarkokin da aka yanke wa kai su ne Dogon Daji. Wata fasasshiyar randa a lungu kuwa ita ce Kebbe, garinmu, shi ya sa ta fi kowa samun ruwa.

Daga Kebbe aka kawo ni wajensu don in ƙarasa shekara biyun ƙarshe na sakandare. Tagar ɗakina a barandar take, tana kallon yamma. A bazarata ta farko, da azahar ta gota sai rana ta shigo ta zauna mini a kan gado kamar an gayyace ta. Bango ya ɗau zafi, littafi ya ɗau zafi, ni kuma na fara haɓo. Ranar da na yanke jiki na faɗi aka aika wa Inna, mahaifiyata. Ta zo ta tsaya a tsakiyar falo da mayafinta, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, ni ɗiya guda gare ni mace. In bazara ta dawo jini ya sake zuba ga hancin Saratu, ni da kaina nika zuwa in ɗauke ta. Karatun shi tsaya."

Na koma ɗaki na yi kuka na ƙoshi, don ni a lokacin duk duniya ba abin da nake so kamar in rubuta jarrabawar nan. Daga ɗaki na jiyo Kawu yana ba ƙanwarsa amsa.

"Ki ba ni lokaci. Rana ma'aikaciya ce kamar kowa. In ta iske ƙofa ruhe, komawa taka yi."

Mun ɗauka irin maganarsa ce ta kullum. Ashe shelar yaƙi ce.

Sanyi na fara ja da baya, ranar kasuwa, sai ga Kawu a bayan babur ɗin kabu-kabu da buhu biyu, ɗaya a cinyarsa, ɗaya a kan tankin mai. Hajiya Kulu ta tare shi a kan matakala.

"Malam, mi an nan cikin buhu?"

"Abinci."

"Na wa?"

"Na mutanen Sanyinna."

Ta kwance bakin buhun ta leƙa, ta ja da baya tana toshe hanci da gefen zane. "Kashin awaki za ka hau min da shi bene? Mutane na hawa da kujeru da firji!"

"Firji in an ɗauke wuta akwati ne," in ji Kawu. "Wanga kuwa ba a ɗauke mishi wuta."

A ranar aka naɗa ni mataimakiyar malamin gona. Muka cakuɗa ƙasa da taki, muka huda gindin duk wani mazubi da ke gidan. Tsohuwar butar Hajiya ta tafi, kwanon sha mai lamba ya tafi, har wata tukunya da ta rantse ba ta tsufa ba. Muka shuka soso da duma a jere a bakin ƙarfen baranda, a bayansu yakuwa da kuɓewa da ɗoɗɗoya. Sannan ya hau kujera da gwiwoyin nan nasa masu ƙara, ina riƙe da ƙafar kujerar ina salati, ya ɗaura igiyoyi daga ƙarfe zuwa rufi, ɗaya kusa da ɗaya, har barandar ta koma kamar garaya.

Na ce, "Kawu, a bar mini gwangwani ɗaya mana in sa fure."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ana miya da shi?"

"A'a. Kallo ake yi."

"To, ki kalli kuɓewa. Kyau gare ta, ga kuma yauƙi."

Da zafi ya fara, famfo ya fara yi mana yanga, yau ya zo, gobe da jibi shiru. Nan Kawu ya kafa dokar da duk dangi suka sani: a gidan nan ruwa ba ya mutuwa sau ɗaya. Alwala a kan baho ake yi. Ruwan wankin shinkafa na Dogon Daji ne. Ragowar shayin da ya huce na Kebbe ne. Abu ɗaya ya haramta, sabulu.

Ana cikin haka babban ɗansa, Yaya Nasiru, ya zo daga Sakkwato. Ya ci tuwo ya ƙoshi, ya jawo bahon alwala ya wanke hannu da sabulu, kumfa fal. Kawu ya shigo ya gani. Ya daɗe tsaye a kan bahon kamar mai ta'aziyya.

"Nasiru, mi mutanen Sanyinna sunka yi maka?"

"Baba, ruwa ne fa rabin baho."

"Abincin ranarsu ne."

Yaya Nasiru ya ga dama ta samu, ya sako maganar da ta kawo shi. Ya gama gina wa Kawu gida a Kebbe, a ƙasa, ga fili, ga rijiya a tsakar gida. Ya ajiye makulli a kan tabarma.

"Baba, ka bar wahalar benen ga. Gwiwarka ba ta son matakala. Ka koma Kebbe ka yi noma na gaske."

Kawu ya ɗauki makullin ya jefa a aljihu, ya nuna fasasshiyar randa da haɓa. "Kullum da sahe ina Kebbe. Lahiya lau suke. In na tashi, wa za shi kula da Sanyinna?"

Mun yi dariya har Hajiya ta ƙware. Labarin ya zaga dangi: an gina wa Modi gida da rijiya, ya ƙi, wai yana da bokitai.

Sai rikicin Malam Umaru, ma'aikacin sakatariya da ke zaune a ƙasanmu. Duk ruwan da muka ba shuka, rararsa ta ɗigo ta bakin baranda, ja-ja da ita, daidai inda yake shanya. Wata Litinin ya hawo da farar rigarsa a hannu, an yi mata zane kamar taswira.

"Baba Modi, dubi abin da gonarka ta yi min. Da mi za ni ohis?"

Kawu ya karɓi rigar ya duba ta da kyau, ya ba shi haƙuri, Hajiya ta karɓa za ta wanke. Sannan ya ce, "Amma tsaya. Kana nuhin ruwa na zuba ƙofarka kullum, sahe da marece?"

"Kullum!"

"Ruwa mai taki?"

"Shi fa."

"Kai kuwa ba ka shuka komi ba wurin?" Kawu ya girgiza kai. "Umaru, ban san haka kake ba."

Kafin la'asar ya sauka da gwangwani biyu na dashen tumatir ya jera su daidai inda ɗigon ke sauka, ya matsar da igiyar shanya gefe. Bayan wata biyu, ranar da famfo ya yi kwana uku bai zo ba muka rage ban ruwa, sai ga Malam Umaru a ƙasa yana ɗaga murya: "Baba Modi, lahiya? Yau ba a ɗigo ba!"

Ni kuwa kowace safiya da gudu nake fita in ga inda aka kwana. Ban taɓa sanin shuka na da hannu ba sai a barandar nan. Soso zai miƙo wani siririn zare yana lalube a iska, kamar makaho mai neman kafaɗar ɗan'uwansa, kafin in dawo daga makaranta ya kama igiya ya nannaɗe ta. Yau yana daidai gwiwata, jibi ya wuce kafaɗata. Kawu yana bin su da magana. Wanda ya yi sauri ya ce masa, "Madalla, za a ƙara maka girma." Wanda ya noƙe ya ce, "Kai, ka san ranar da uwar Saratu taka zuwa kuwa?"

Matsalarsa ɗaya ita ce yakuwa, kullum raguwa take. Wata safiya ya dawo daga rangadi fuska a ɗaure.

"Fara ta sauka Dogon Daji."

Hajiya ta ci gaba da tankaɗe.

"Babbar fara," ya ƙara. "Mai ɗan kunne."

"Farar nan ita ad dafa miyar da ka sha jiya har ka nemi ƙari," in ji ta.

Ya gyara zaman malafa. "To, a gaya mata ta riƙa tsinka daga ƙasa. Na sama aiki sukai, inuwa suka yi."

Ranar da duma ya fara fure, gab da magariba ne. Fari tas, mai laushi kamar an yanko shi daga sabon ɗankwali. Kawu ya ƙwala mini kira kamar gobara ta tashi.

"Mataimakiya! Ga huren naki. Ki kalla da kyau, ki ƙoshi. In kin gama kallo shi zama ludayi."

Bazara ta kai tsakiya, irin kwanakin da ko kaji ba sa fitowa, sai ga Inna ba sanarwa. Ta zo da ƙaramin buhun da za a zuba kayana. Da gangan ta zaɓi bayan azahar, lokacin da ɗakin ke zama tanda. Ga shi saura 'yan makonni jarrabawa.

Ta ɗaga labulen ɗakina ta tsaya. Tagar ta rufe ruf da ganye tun daga ƙarfe har rufi. Hasken da ke shigowa kore ne, yana rawa a bango kamar ana kallon sa daga ƙarƙashin ruwa. Kawu yana waje yana yayyafa wa ganyen ruwa da tsintsiya, iskar da ke ratsowa tana zuwa da ɗan sanyi da ƙamshin ɗoɗɗoya. Inna ta dafa bango. Ta kama haɓata ta ɗaga fuskata ta leƙa hancina.

"Tun yaushe rabonki da shi?"

"Bana ko sau ɗaya, Inna."

"Hm," ta ce. "Bari in ɗan zauna, hanya ta gajishe ni."

Ta zauna a tabarmata. Ta jingina. Ba ta farka ba sai da ake kiran la'asar.

Kawu ya hana kowa motsi. Yana ta leƙowa ta cikin ganye, malafa a ka, yana raɗa mini: "Sufeto na duba aiki. Kada a dame ta." Da ta tashi tana gyara ɗankwali cikin jin kunya, ya ce, "To, a sa kayan Saratu cikin buhun?"

"Sa min irin soson dai," in ji Inna. "Ɗakina ma yamma shika kallo."

Na rubuta jarrabawata a inuwar nan, na ci. Ba a yi wata guda ba Kawu ya ce ya gaji da bene, ya rarraba gundumominsa. Malam Umaru ya gaji Sanyinna da Dogon Daji, randa kuwa aka ɗaura ta a mota ta tafi Kebbe ta gaske. Ya yi damina huɗu yana noma a filinsa kafin Allah ya karɓi abinsa.

Allah ya jiƙan Kawu Modi. Yadda ya tare mini rana, Allah ya tare masa zafin kabari, ya sanya shi a inuwar da ba ta gushewa, inda ruwa ke gudana ba sai an tara na alwala ba.

Sai bara, ina taya Hajiya Kulu gyaran ɗaki, na tuna mata yadda ya ƙi gidan nan saboda bokitai. Na ɗauka za ta yi dariya. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"Waɗanne bokitai? Mutumin da ka zama tsakiyar matakala shi huta sau biyu kahin shi kai sama? Duk Juma'a sai ya hiddo makullin ga ya duba shi ya mayar. Ya ce min in munka tashi, Saratu ba ta da wurin zama Tambuwal. Ya ce kuma kada in gaya miki, kada ki ɗauka ke nauyi ce."